Kafin Ki Mayar da Yaran Kotun Gwaji

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, ina kuma gaishe ki gaisuwar ɗa ga wadda ta ci sunan mahaifiyarsa, sai ki karɓi duka biyun. Allah ya sa kin sauka lafiya, ya sa ɗakin da jami'a ta ba ki ba ya yoyo, ya haɗa ki da maƙwabta nagari, ya tsare ki a gida da hanya. Mu nan lafiya lau muke, gero ya fara fitar da kai. Sauran labarin gida na bar wa Innarki, don na ga tana isar miki da shi a waya har da wanda bai riga ya faru ba.

Magana ɗaya ce ta zaunar da ni rubutu. Kafin ki tafi kin gaya mini shugaban sashenku ya ɗora miki horar da ɗaliban da za su shiga gasar kotun gwaji a kan kundin tsarin mulki, kuma kin ƙudura da zarar an koma karatu za ki je ki ba shi haƙuri. Kin ce manyan malaman sashen duk sun zame, in ke ma kin zame bana ba za a tura kowa ba, yaran da suka nuna sha'awa sai su haƙura. To ki karanta wannan kafin ki taka zuwa ofishinsa. Na yi wannan aikin a kwalejin da na koyar a birni lokacin kina makarantar kwana. Abin da kika sani kawai shi ne Baba yakan tafi da ɗalibai ya dawo yana faɗa.

Mutanen majalisarmu ta bakin masallaci sun sha tambayata wace irin kotu ce wannan. Nakan ce musu shari'a ce ta ƙage. A ƙirƙiro jihar da babu ita a taswira, a naɗa mata gwamnan da ba a haifa ba, a ce ya aikata abu kaza, sannan a raba ɗalibai gida biyu, waɗannan su ce ya saɓa wa kundin tsarin mulki, waɗancan su ce bai saɓa ba. Masu zaman hukunci kuwa na gaske ne, tsofaffin alƙalai da manyan lauyoyi, aikinsu su yi ta katse yaro da tambaya su ga ko zai tsaya da ƙafarsa. Da mutanen majalisa suka ji ba a ɗaure kowa a ƙarshe, sai suka yanke cewa wasan yara nake zuwa yi a birni. Ban yi musu gardama ba, don akwai shekarun da ni ma na yi zargin haka.

Shekarar farko na zaɓi wani yaro, Nasiru, ɗan Rimin Gado, ya jagoranci masu magana. Yana da ƙwaƙwalwa, Turancinsa a tsaye yake, amma ladabinsa ne ya fi jan hankalina. Ba ya shiga ofishina da takalmi, ba ya zama sai na ce ya zauna, duk abin da na faɗa a aji shi ne farkon gyaɗa kai. Malami kuwa, za ki gani tunda kin zama ɗaya, yana da saurin ganin basira a wurin mai gyaɗa masa kai.

Shari'ar da aka ba mu a kan wani gwamna ce da ya hau rediyo ya hana manoma yin taro a dandalin garinsu, wai don kada a ta da tarzoma. Mu muka tsaya wa manoman. Nasiru ya san babin 'yancin ɗan'adam ciki da bai, ya tattaro hukunce-hukuncen manyan kotuna ya jera su tsaf. A wajen shiri ni nake zama a kujerar alƙali, yana magana ina lumshe ido kamar uba a ranar saukar karatun ɗansa. Ban taɓa katse shi ba. Me zan katse, alhali rabin abin da yake faɗa daga bakina ya ji shi?

Ranar gasa, alƙalin tsakiya wani dattijo ne mai farin gemu, irin wanda in ka gamu da shi a hanya sai ka sauka daga keke ka gaishe shi. Nasiru ya fara da kyau. Can sai dattijon ya ɗaga hannu ya tambaye shi a hankali, ko bai ga cewa kundin da kansa ya yarda gwamnati ta taƙaita taro saboda zaman lafiya ba. Ummi, ƙofa ce ya buɗe masa. Amsar tana cikin takardar da ke hannun yaron: ƙwarai kundin ya yarda, amma da sharaɗin a yi da doka, doka mai ma'ana, ba da sanarwar rediyo ba. Nasiru ya sunkuyar da kai, ya haɗa hannuwa, ya faɗi da Turancinsa mai kyau abin da a Hausa yake nufin:

"Haka ne, ranka ya daɗe."

Ya yi shiru. Dattijon ya jira, ya ga babu ƙari, ya ce to in haka ne me ya kawo manoman kotu. Yaron ya ƙara sunkuyawa. A nan shari'armu ta mutu, sauran lokacin jana'iza ce kawai.

A mota muna dawowa na yi ta faɗa har muka wuce Zariya. Da na gaji na tambaye shi ko bai san amsar ba. Ya ce ya sani. Na ce to me ya hana shi faɗa.

"Malam, ya girmi babana," ya ce. "Ta yaya zan ce masa ba haka ba ne a gaban mutane?"

Na iso gida na kwashe labarin na gaya wa Innarki, ina jiran ta taya ni jimami. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta tambaye ni a gidan nan wa ya taɓa ce mini ba haka ba ne ya ga haƙorana. Na ce wannan daban. Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗenta.

Yaran da za a ba ki, yawancinsu 'ya'yan gidaje irin namu ne. Tun suna rarrafe ake koya musu cewa in babba ya yi magana an gama. Tarbiyya ce mai kyau, da ita muke zaune lafiya a garuruwanmu, ban ce ki rushe ta ba. Amma kotun gwaji wuri ne da babba yake faɗin abin da shi kansa bai yarda da shi ba, da gangan, don ya ga ko za a tsayar da shi. Yaron da bai taɓa ganin haka ba ba zai gane shi a ranar gasa ba. Don haka tun daga farko ki hau kujerar alƙali ki ɗaure fuska, ki faɗi abin da kin san kuskure ne, ki faɗe shi da isa. Ki ce kundin ya ba gwamna ikon rufe majalisar dokoki duk safiyar da ya tashi da ciwon kai. Sannan ki duba fuskokinsu. Za ki ga wanda ya duƙa yana rubutawa, za ki ga wanda ya motsa a kujera ya kalli ƙasa. Na biyun nan shi ne naki. Ki jawo shi ya faɗi abin da ke ransa, in ya faɗa ki yaba masa a gaban kowa, yabo mai yawa, har sauran su ji haushi.

Shekara ta biyu na ce ba za a sake yi mini haka ba, sai na tafka kuskuren da ya fi na farko ban dariya. Na zauna na rubuta jawabin kowa daga farko har ƙarshe, na ce a haddace. Na tsayar da Nasiru a gaban madubi na sa shi ya yi ta maimaita cewa bai yarda ba, har bakinsa ya saba. Abokiyar maganarsa a shekarar wata yarinya ce, Falmata, iyayenta mutanen Barno ne amma a Kano aka haife ta. Ta yi Islamiyya mai kyau, hadda ba ta ba ta wahala. Ba a jima ba ta kawo mini jawabin ba tuntuɓe, har numfashi take yi a inda na sa waƙafi. Na ce a raina bana kofi namu ne.

Abin da na manta shi ne yadda mai hadda yake yi in an katse shi. Ke ma kin yi, kin sani. Ba ya ɗorawa daga inda ya tsaya, baya yake komawa ya ɗauko daga farko don karatun ya dawo masa. Alƙali ya katse Falmata, ta amsa, ta koma farkon shafi. Aka sake katse ta, ta sake komawa. Alƙalan suka yi ta jin gabatarwarmu har su ma sun kusa haddace ta, lokacin yarinyar ya ƙare ba ta kai ga hujjar da muka dogara da ita ba. Nasiru kuma ya miƙe da ƙarfinsa. Wata mai shari'a a cikinsu, da ta ga halin da muke ciki, ta so ta taimake shi. Ta ce ashe abin da yake nufi shi ne kaza da kaza, ta tsara hujjarmu fiye da yadda ni na rubuta ta. Nasiru ya ɗaga kai, ya dube ta ido cikin ido kamar yadda na koya masa, ya ce sam bai yarda ba. Matar ta cire tabarau ta dube shi, sannan ta dubi inda nake zaune. Ni kuma a daidai lokacin na ga akwai abin gyarawa a takalmina.

Kada ki rubuta musu jawabi. Su san hujjojinsu yadda mutum ya san lungunan garinsu, in an tare wannan ya bi wancan ya ɓulla inda yake so. Dabarar da ta yi mini aiki ita ce, kafin su faɗi komai da Turanci sai sun faɗa mini da Hausa, ba takarda a hannu. Wanda ya kasa gaya mini da Hausa abin da ya bambanta doka da sanarwar rediyo bai gane ba, kalmomi kawai ya kwaso. Ki kuma koya musu sauraro. Ba duk tambayar alƙali ce faɗa ba, wata agaji ce, kuma wanda bai saurara ba zai ture hannun da aka miƙo masa.

Maganin matsalar Nasiru ban same shi a littattafan lauyoyi ba, ko da yake na karanta su har idona ya nemi tabarau. Tunawa na yi da zauren kakanki, Allah ya jiƙansa, inda magidanta suke ɗaukar karatun fiƙihu da hantsi. Na sha ganin ɗalibi mai 'ya'ya da gemu yana zaune a gaban malam, kansa a sunkuye, ya ce Allah gafarta Malam, abin da aka faɗa haka yake, sai dai ya ga wani ƙauli a wani littafi. Malam ya ce a kawo. A buɗe, a duba, wani lokaci malam ya ce ɗalibin ne da gaskiya, kuma ba wanda ya ji an yi rashin kunya. Ashe tun da can muna da hanyar musa wa babba, ni ne na tafi nemanta a gaban madubi. Ladabin yana cikin murya da zama da yadda aka fara magana, hujjar kuma ba a sauke ta.

Na kira Nasiru na ce ya ci gaba da cewa haka ne a duk inda abin haka yake, don musun gaskiya wauta ce. Abin da na hana shi shi ne ya yi shiru a bayanta. Ya ba dattijo abin da yake nasa, sannan ya ɗora nasa.

A shekararsu ta ƙarshe shari'ar a kan wata makarantar gwamnati ce da ta kori ɗaliba ba tare da an saurare ta ba. Falmata ta zo da tata matsalar. A gasar ƙuri'a ake jefawa, yau kana ɓangaren mai ƙara, gobe kana kare wanda ake ƙara. Ta ce ita ba za ta tsaya ta kare makarantar ba, ta san zalunci ne, kuma za a tambaye ta ranar gobe ƙiyama. Na yi mata dariya, ta ɗauke ƙafa daga wajen shiri sai da na aika aka kira ta. Kada ki yi wa irin wannan yarinya dariya. Da gaske take, kuma irinta ake so a kotu. Da ta dawo na yi mata bayani cewa ba shaida aka kira ta ba, ba rantsuwa za ta yi ba, babu wanda ya ce ta ƙirƙiri abin da bai faru ba. An ce ne ta nemo mafi ƙarfin abin da wancan ɓangaren zai iya faɗa bisa doka, don alƙali ya ji duka biyun kafin ya yanke. Na nuna mata inda labarin ya ce an gayyaci ɗalibar ta ƙi zuwa, na ce wannan fa? Ta ce za ta duba. Ta dawo da hujjojin da suka sa Nasiru gumi a wajen shiri, shi ya sa ranar gasa babu abin da ya zo masa baƙo.

Ƙuri'a ta ba mu ɓangaren ɗalibar. Alƙalin ranar wani dattijon ne daban, gemunsa ya fi na wancan fari. Ya tare Nasiru ya ce makaranta ai ba kotu ba ce, me zai sa a ɗora mata zaman sauraro. Na ga kan yaron ya fara sunkuyawa. Sai na ji ya ce:

"Haka ne, ya mai shari'a, makaranta ba kotu ba ce. Sai dai kotunan ƙasar nan sun daɗe da cewa duk wanda zai yanke hukuncin da zai taɓa haƙƙin mutum, ya saurare shi tukuna. Da izininka zan nuna inda suka faɗa."

Dattijon ya gyara zama ya ce ya nuna. Ba mu ci kofi ba. Wata jami'a daga Kudu ta fitar da mu a zagaye na gaba, kuma sun fi mu, ba a zalunce mu ba. Amma a wannan dawowar ban yi wa kowa faɗa ba, har tsire na saya musu a hanya. Yanzu Nasiru lauyan gwamnati ne, wato gwamnan yake karewa, Allah ya shirye shi. Falmata ta zama majistare, an ce mini tana katse lauyoyi ba tausayi.

To yanzu in zo kanki. Jajibirin tafiyarki, bayan la'asar, kika same ni a zaure kika zauna a gefen tabarma kina murza bakin mayafinki. Na ce ki karɓi aikin. Kika ce:

"Haka ne Baba, aikin alheri ne, kuma yaran suna da haƙƙi. Sai dai ba ni ce zan iya ba. Ban taɓa cin gasa ba, muryata ba ta kai bayan aji, kuma ni kaina ban iya musa wa babba ba. Ta yaya zan koya wa wani?"

Na katse ki na ce ni ma ban taɓa cin gasa ba. Kika ce gaskiya ne, amma ni na fara aikin ina da shekaru a koyarwa, ke kuwa ko kujerar ofis ba a ba ki ba tukuna. Kika ɗora daga daidai inda na tsayar da ke. Na ɗaure fuska, irin ɗaurewar da ƙannenki suke gani su watse daga tsakar gida. Kika ƙara sunkuyar da kai, ba ki sauke hujja ko ɗaya ba. Na kawo maganar abin da mutane za su ce in sun ji 'yata ta gudu daga aikin da na yi. Kika ce a hankali wannan magana ce a kan abin da nake so, ba a kan ko za ki iya ba. Aka kira magariba na tashi ina jin haushi. Sai a hanyar masallaci abin ya faɗo mini, na tsaya ina dariya ni kaɗai har mutane suna tambayata ko lafiya.

Na daɗe a kujerar alƙalin gwaji, kuma ban ga ɗalibin da ya yi abin da kika yi a zauren nan ba sai bayan na sha wahala a kansa. Ga hukuncina. Hujjarki ta farko na karɓa, ba ki taɓa cin gasa ba. Ta biyu, an ƙirƙiro lasifika tun kafin a haife ki. Ta ƙarshe kuwa na kore ta, don mai shari'a ya ga akasinta da idonsa.

Ban ce za ki ɗauko kofi ba, kuma za ki yi naki kurakuran waɗanda ni ban yi tunaninsu ba. Amma a cikin yaran nan akwai wanda ya san amsa yake kasa faɗa, kuma ke kin san yadda abin yake daga ciki. Ni ban sani ba, shi ya sa na ɓata shekara biyu ina faɗa a mota. Ki je ofishin shugaban sashe ki ce kin karɓa. Zai ce miki babu ɗakin yin shiri, babu lokaci a jadawali, kuma yaran bana ba su da ƙwazo. Ki gaishe shi da ladabi, ki ce masa haka ne, sannan kada ki yi shiru.

Allah ya yi miki albarka, ya buɗe miki ƙirji da harshe, ya sa ki zama alheri ga yaran da za a ba ki amana. Allah ya tsare ki daga sharrin mutum da na hanya, ya kiyaye miki sallarki da mutuncinki, ya dawo mana da ke hutu lafiya. Innarki da ƙannenki suna gaishe ki.

Wassalam.

Mahaifinki,
Ɗahiru
Dawakin Tofa